Daga Ina Wannan Kiɗa Ya Fito? Yaranmu da Tarihin Waƙoƙin Duniya

A yawancin gidajenmu na Kirista kiɗa kashi biyu ne kawai, akwai na Allah, akwai kuma na duniya. Da wannan ma'auni aka rene mu, da shi kuma muke renon namu 'ya'yan. Idan yaro ya kunna waƙa a wayar hannu, uwa takan kasa kunne na ɗan lokaci. In ta ji sunan Yesu a ciki sai ta ci gaba da aikinta, in ba ta ji ba sai ta ce a kashe. Ma'aunin yana da sauƙi, ya kuma tsare gidaje da dama daga ɓarna, saboda haka ba zan raina shi ba. Amma akwai tambayar da ya kāsa amsawa, wadda malaman makarantunmu da na Makarantar Lahadi suke cin karo da ita: shin ya dace a zaunar da yaro Kirista a koya masa tarihin kiɗe-kiɗe da waƙe-waƙen al'umman duniya, alhali kuwa da yawa daga cikinsu a gaban gumaka aka haife su, waɗansu a fādar azzalumai, waɗansu a gidan giya?

Ni dai ina ganin ya dace, har ma ina ganin bashi ne a wuyan iyaye. Sai dai wajibi ne in fara ba masu jin tsoro haƙƙinsu, gama tsoronsu ba na jahilci ba ne, manyan masu tunani sun riga su jin sa.

Aflatun, masanin nan na ƙasar Girka wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, da ya zauna tsara yadda gari nagari zai kasance, bai bar sha'anin kiɗa a hannun makaɗa ba. Ya nemi a hana muryoyin makoki da na shagalin mashaya, a bar masu sa ƙarfin zuciya da natsuwa kaɗai, domin a ganinsa kiɗa yana gina halin yaro tun yaron bai iya tunani ba. Can a ƙasar Sin, Kwanfushiyas, wanda ya riga Aflatun haihuwa da fiye da shekara 100, an ce ya ji wani tsohon kiɗan fāda har ya yi wata 3 bai kula da ɗanɗanon nama ba saboda daɗinsa. Shi ɗin ne kuma ya nemi a kori kiɗan wata ƙasa mai suna Zheng, wai yana lalata mutane. A cikin ikkilisiya kuwa, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya rubuta wajen shekara ta 400 cewa yakan ga kansa da laifi duk sa'ad da zaƙin muryar waƙa ya motsa shi fiye da maganar da ke cikinta. Har ya taɓa tunanin ko gara a daina rera Zabura da murya mai daɗi, sai ya tuna hawayen da ya zubar da jin waƙoƙin ikkilisiya a farkon tubansa, ya sassauta.

Abin da mutanen nan uku suka hango gaskiya ne. Wa'azi yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, hankali ya dube shi kafin ya ce a shigo. Kiɗa ba ya sallama. Duk wanda ya taɓa samun kansa yana rera waƙar tallar sabulun da ba ya ma saye ya san haka. Kada kuma wani ya gaya mana cewa sanin kiɗa mai kyau yana mai da mutum nagari. A sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Jamus suka hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya, an tilasta wa fursunoni kafa ƙungiyar makaɗa, suna kiɗa safe da yamma yayin da ake kora 'yan'uwansu zuwa aikin bauta ana dawo da su. A Ruwanda, a shekara ta 1994, gidan rediyon da ke zuga kisan ƙare dangi ya riƙa sa waƙoƙin wani shahararren mawaƙi mai suna Simon Bikindi, wanda kotun duniya ta yanke wa ɗaurin shekara 15 a 2008 saboda kiran kisa da ya yi a bainar jama'a da lasifika. Uban da ya san waɗannan abubuwa ya ce zai gina wa ɗansa katanga, ba mahaukaci ba ne.

Matsalar ita ce katangar ta riga ta faɗi. Kafin Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, kusan ba a jin kiɗa sai in makaɗin yana kusa, mutum kan rayu ya mutu bai ji waƙar da ta wuce ta ƙabilu biyu ko uku ba. Yau yarinya 'yar shekara 10 tana iya jin kiɗan Koriya da na Indiya da na Jamaika kafin a gama dafa abincin dare, a wayar yayanta, ba tare da kowa ya gaya mata wa ya yi shi ba, ko don me. Zancen ko za su ji ko ba za su ji ba ya wuce hannunmu. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓa ko za su ji da sani, ko kuwa cikin duhu.

Akwai kuma matsala ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi, watau ma'aunin namu kansa ba ya tsayawa idan aka ɗora masa tarihi. Mu fara da Littafi Mai Tsarki. Mutum na fari da aka ambata da kiɗa shi ne Yubal, a Farawa sura 4, kakan masu kaɗa garaya da masu busa sarewa. Mai karatu ya lura da gidan da ya fito. Ba daga zuriyar Shitu ba ne, daga zuriyar Kayinu ne, mahaifinsa kuwa Lamek ne, mutumin da ya yi fahariya da kisankai a gaban matansa. Duk da haka irin kayan kiɗan nan ne Dawuda ya ɗauka ya kwantar wa Saul da hankali, su ne kuma Zabura ta ƙarshe take kira a yabi Ubangiji da su. Nassi bai ɓoye asalin ba, bai kuma mai da asalin dalilin hani ba. Har masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, da suka nemi sunan da za su ba kayan kiɗan Dawuda, sai suka ɗauko garaya da molo, alhali sun san garaya tana hannun mafarauta da 'yan bori.

Masu tonon kayan tarihi sun ƙara mana haske a kan tsufan al'amarin. A kogon Hohle Fels a kudancin Jamus an tono wata sarewa a 2008, an yi ta da ƙashin fiffiken ungulu, da huji 5, masana suka ƙiyasta shekarunta da fiye da 35,000. Ko mai karatu ya yarda da lissafinsu ko yana da ja, sarewar dai tana nan. A Jiahu ta ƙasar Sin an sami waɗansu na ƙashin wani tsuntsu dangin gauraka, masu kimanin shekara 9,000, har an busa ɗaya ta yi ƙara. Amma wanda zai fi kama hankalin yaron Makarantar Lahadi shi ne abin da Leonard Woolley ya tono wajen 1929 a Ur, a kudancin Iraƙi, garin da yawancin masana suka ɗauka shi ne Ur ta Kaldiyawa inda Ibrahim ya fito. Garayu ne masu ado da kan bijimi na zinariya da azurfa, an binne su kimanin shekara 2,500 kafin haihuwar Almasihu. Tare da su aka sami gawawwakin mata da dama waɗanda aka sa suka bi iyayengijinsu kabari. Yaron da ya ga hoton garayar nan, aka kuma gaya masa abin da ya sami matan, ya fahimci kiran Ibrahim ya bar ƙasarsa fiye da yadda wa'azi uku za su fahimtar da shi.

Labarin da na fi so iyaye su riƙe shi ne na ogan, domin babu kayan kiɗan da muke yi wa kallon na coci kamarsa. Dattawanmu da yawa sun tashi suna ganin ogan ne kiɗan sama, ganga kuwa ta ƙasa ce. To, a Afirka aka ƙirƙiro ogan. Wani ɗan wanzami mai suna Ktesibiyos ne ya ƙera na farko a birnin Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, yana amfani da nauyin ruwa wajen tura iska cikin bututu. Romawa suka ɗauke shi suka kai filayen wasa inda ake sa mutane su kashe juna don nishaɗin 'yan kallo. A Zliten ta ƙasar Libiya an sami wani tsohon zanen daɓe da ke nuna mai kaɗa ogan a gefen masu faɗan. Sarki Niro ma, wanda ya tsananta wa Kiristocin Roma, mai sha'awar ogan ne. Ba mamaki da ubannin ikkilisiya na farko suka ƙi kayan kiɗa a wurin sujada. Sai a shekara ta 757 sarkin Rumawan Gabas ya aika wa Pepin sarkin Farankawa da ogan kyauta, daga nan a hankali ya sami hanyar shiga majami'un Turai, har zuwa ƙarni na 10 ana jin sa a manyan majami'u kamar ta Winchester a Ingila. Ko bayan haka bai zauna lafiya ba. A zamanin Gyaran Ikkilisiya an cire ogan na babbar majami'ar Zurich a 1527, John Calvin ya yarda da Zabura kaɗai ba tare da kayan kiɗa ba, majalisar Ingila kuma ta ba da umarni a 1644 a rushe na majami'un ƙasar. Yawancin ikkilisiyoyin Otodoks na Gabas har yanzu da murya kaɗai suke waƙa.

Ƙanen ogan, watau ɗan ƙaramin nan mai zuga-zugi da ake kira hamoniya, wanda aka yi rajistarsa a Paris a 1842, ya yi tafiyar da ta saɓa wa ta wansa. Turawa, har da 'yan mishan, suka kai shi Indiya. Mutanen ƙasar suka gyara shi ya zama ana zuga shi da hannu ana zaune a ƙasa, yau kuwa shi ne ke raka waƙoƙin ibadar Hindu da ta Sikh da ta Sufayen Musulmi. Gidan rediyon gwamnatin Indiya ya hana sa shi daga 1940 zuwa 1971 bisa dalilin cewa baƙo ne, bai dace da kiɗan ƙasa ba. Ashe kowace al'umma tana da nata dattawan masu tsaron ƙofa.

Haka abin yake ga do, re, mi da 'yan kwayarmu suke koyon waƙa da su a daren Alhamis ko Asabar. Wani malamin gidan ibada a Italiya mai suna Guido na Arezzo ne ya tsara su wajen shekara ta 1025, domin yaran da yake koyarwa su daina ɓata shekaru suna haddace muryoyi da ka. A Ingila, a ƙarni na 19, Sarah Glover da wani fasto John Curwen suka sauƙaƙe tsarin saboda yaran Makarantar Lahadi da talakawa, 'yan mishan suka ɗauko shi suka kawo mana. Muryoyin waƙoƙin sujada ma ba duka aka haifa a coci ba. Ɗaya daga cikin waƙoƙin Jumma'a Mai Kyau mafi nauyi a Turai, wadda take kallon kan Almasihu da rawanin ƙaya, muryarta ta waƙar soyayya ce da Hans Leo Hassler ya buga a 1601, a kan saurayin da wata budurwa ta rikita wa hankali. Paul Gerhardt ya rubuta kalmomin sujadar a 1656, Johann Sebastian Bach kuma ya maimaita muryar sau 5 a babban kiɗansa na shan wuyar Almasihu bisa ga Bisharar Matiyu. Uwar da take tambaya ko waƙa ta Allah ce ko ta duniya, me za ta ce da wannan?

Sai mu zo ga ganga, inda zancen ya taɓa mu a jiki. An sani cewa a wurare da yawa na ƙasarmu, a farkon zuwan bishara, an hana ganga da rawa a cikin sujada. Yakan yi mana sauƙi mu ɗora laifin duka a kan Turawan mishan, amma adalci ya sa a faɗa cewa masu bi na farko da yawa su da kansu suka ƙi ta. Sun san abin da wani kiɗa yake kira a garinsu, sun san dodon da yake fitowa idan an kaɗa shi, ba su kuwa so su ji shi a ɗakin da suka gudo don neman tsira. Wannan ba wauta ba ce. Wautar ita ce jikokinsu su ɗauka cewa ita fatar da icen ne suke da zunubi. Kiristocin Habasha, waɗanda sarkinsu Ezana ya karɓi bangaskiya tun ƙarni na 4, suna sujada da babbar ganga mai suna kebero, da kacau-kacau na ƙarfe, da sandunan addu'a, bisa tsarin waƙar da suke danganta wa Yared na Aksum a ƙarni na 6. Watau ƙarnuka da yawa kafin Bature na fari ya hau tudun Jos, akwai baƙaƙen Kiristoci da ke yabon Almasihu da ganga. Yaranmu nawa ne suka taɓa jin wannan?

An kuma hana ganga a wani wuri bisa wani dalili dabam. A 1739 bayi suka yi tawaye a Stono, a Karolina ta Kudu cikin Amurka, suna tafe suna kaɗa ganguna don kiran 'yan'uwansu. A 1740 aka kafa dokar da ta hana bayi riƙe ganga da ƙaho. Da aka ƙwace gangar sai kiɗan ya koma cikin tafi, da buga ƙafa, da salon nan na mai bayarwa da 'yan amshi wanda kowace ƙungiyar Zumuntar Mata ta sani. Sun kuma riƙe wani abin kiɗa na ƙwarya da fata da tsirkiya, wanda ya zama banjo, ɗan'uwan akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, da ngoni na Mali, da gurminmu. Daga cikin wannan wahala aka haifi waƙoƙin ruhaniya na bayi, masu yawan ambaton Musa da Fir'auna da Kogin Urdun. A 1871 ɗalibai 9 na Jami'ar Fisk a Nashville, yawancinsu 'yantattun bayi, suka fita rera su don tara kuɗin ceton makarantarsu daga rufewa, a 1873 har suka rera a gaban Sarauniya Victoria. Bayan su sai Thomas Dorsey, ɗan fasto wanda ya yi shekaru yana kaɗa fiyano a gidajen rawa. Shi ne ya ɗauko salon baƙin ciki na kiɗan bulus ya sa masa maganar bishara, ya kuma rubuta waƙarsa mafi shahara a 1932 bayan matarsa ta rasu wurin haihuwa, jaririn ma ya bi ta. Majami'u da yawa a Chicago sun ƙi waƙoƙinsa da farko, suna cewa kiɗan shaiɗan ne. Abin da muke kira kiɗan bishara a yau, daga hannunsa ya fito.

Har jitar nan mai sauri da matasanmu suke kaɗawa lokacin baiko tana da nata dogon zagaye. Bayin da aka kwasa daga yankin Kwango sun kai kiɗansu Kyuba, ya gauraya da na Sifaniyawa. Daga 1933 wani kamfanin Ingila ya fara sayar da fayafayan kiɗan Kyuba a Afirka, mutanen Kinshasa da Brazzaville suka ji wani abu nasu a ciki, suka mai da shi rumbar Kwango, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2021. Daga gidajen rawa na can salon ya bi rediyo da kaset ya iso majami'unmu.

A nan ne nake ganin ainihin nauyin da ke kan iyaye, watau faɗin gaskiya. Akwai jarabar ba yara tarihi wankakke. Ɗauki labarin John Newton, marubucin waƙar nan da duniya ta sani da suna Amazing Grace. Yadda aka saba ba da shi, wai mai fataucin bayi ne, hadari ya kama shi a teku, ya tuba, ya bar mugun aikin, ya rubuta waƙar. Ba haka abin ya bi ba. Hadarin ya faru a 1748. Newton ya zama kyaftin na jirgin bayi bayan haka, daga 1750 zuwa 1754, yana karatun Littafi Mai Tsarki a sama, mutanen Afirka ta Yamma suna ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ciwo ne ya raba shi da teku. Ya zama fasto a Olney a 1764, ya rubuta waƙar don sujadar sabuwar shekara ta 1773, bai kuwa fito fili ya la'anci cinikin bayi a rubuce ba sai 1788. Ya rasu a 1807, shekarar da Ingila ta haramta cinikin. Muryar da muke rera waƙar da ita ma ba tasa ba ce, a Amurka aka haɗa su a 1835. Wani zai ce wannan zai rage wa yaro ƙaunar waƙar. Ni kuwa ina ganin yaro ɗan shekara 13 da aka gaya wa cewa mutum yana iya tuba da gaske, idonsa kuma ya yi shekara 40 bai gama buɗewa ga zunubin da yake ci da shi ba, an ba shi abin da zai duba kansa da shi, ya duba kuma ikkilisiyarsa. Yaron da aka ba wankakken labari kuwa, ranar da ya ci karo da na gaskiya a intanet, sai ya fara tambayar me kuma aka ɓoye masa.

To, ina iyakar? Gama akwai iyaka. Littafin Daniyel ya nuna ta sarai. Samarin nan huɗu sun yi shekara 3 suna koyon harshe da littattafan Kaldiyawa, ba su ƙi makarantar ba. Da Nebukadnezzar ya kafa gunkinsa a filin Dura ya tara makaɗa iri iri, Shadrak da Meshak da Abednego sun ji kiɗan kamar kowa, ba a ce sun toshe kunnuwansu ba. Abin da kiɗan ya nema daga gare su, watau rusunawa, shi suka ƙi. Masana harshe sun ma lura cewa sunaye 3 daga cikin kayan kiɗan da aka lissafta a wurin aro ne daga Girkanci, alamar cewa tun a wancan zamani kayan kiɗa suna ƙetare iyakar ƙasashe. Haka Bulus, da ya tsaya a gaban Atinawa, ya kawo maganar mawaƙansu ya kafa hujja da ita, abin da ba zai iya yi ba in da bai san su ba. Sanin waƙa dabam ne, jin ta dabam ne, miƙa kai ga abin da take kira kuma dabam ne. Akwai kiɗan da zan ba yaro labarinsa amma ba zan kunna masa shi a falo ba, kamar wanda aka shirya musamman don kiran iskoki, ko waƙar da ke zagin wata ƙabila, ko mai koya wa saurayi cewa mace kayan saye ce. Akwai kuma wanda yake ambaton sunan Yesu sau 20 amma abin da yake kira a rusuna masa kuɗi ne. Annabi Amos ya faɗa wa Isra'ila cewa Allah ya gaji da hayaniyar waƙoƙinsu na sujada saboda babu adalci a ƙofofin garinsu. Tsohon ma'auninmu ba ya kama irin wannan, domin sunan kawai yake saurare. Yaron da ya saba tambayar wa ya yi wannan kiɗa, cikin wane hali, domin wa, me kuma yake so in yi, shi zai kama shi.

Shekarun yaro su ne za su nuna abin da zai iya ɗauka. Ɗan shekara 6 ba ya bukatar labarin Auschwitz. Ya ishe shi ya huda karan dawa ya busa, a gaya masa cewa yara da manya sun yi haka a Sin da Jamus tun ba a fara rubutu ba. Labaran masu ɗaci sai su jira har ya fara tambayar dalilin abubuwa da kansa.

Abu ɗaya nake jin tsoro a cikin wannan shawara tawa, kada tarihin kiɗan duniya ya zama tarihin kiɗan Turai da Amurka kaɗai, yaro ya san Bach bai san kundung na Berom ba, ko molon kara na Ngas, ko waƙar da kakarsa take yi a bakin dutsen niƙa. Yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce daga Turanci, albarka ce kuwa a gare mu, amma duk mai kunne ya san wani lokaci muryar Bature takan ja kalmar Hausa sama inda ya kamata ta sauka, ko ta tsawaita gaɓar da take gajera. A harsunanmu hawa da saukar murya suna canza ma'ana. Mutumin da ya fi kowa kokawa da wannan matsala a Nijeriya shi ne Ikoli Harcourt Whyte, ɗan Kalabari da aka haifa a 1905, wanda kuturta ta kama tun yana saurayi. A sansanin kutare na Uzuakoli, inda ya koma a 1932, ya tsara waƙoƙin sujada fiye da 200 da harshen Ibo, yana sa muryar waƙa ta bi muryar magana, yana rubuta su da do, re, mi ɗin nan na Guido da Curwen. Ko da aka tabbatar ya warke bai bar wurin ba, ya zauna da ƙungiyar mawaƙansa har rasuwarsa a 1977.

A namu yankin, matan Zumunta ne suka yi mafi yawan irin wannan aiki, ba tare da an rubuta sunayensu ba. Su suka shigo da tulu da kacau-kacau da muryoyin gida cikin sujada, suka sa musu maganar Nassi, har dattawan da suka ɗaure fuska da farko suka fara gyaɗa kai. Saboda haka malamin Makarantar Lahadi da ke neman inda zai fara ba ya bukatar littafi daga waje a mako na fari. Ya aiki yaran wurin tsofaffin matan ikkilisiyarsu da tambayoyi kaɗan: yaushe aka fara kaɗa tulu a majami'ar nan, wa ya kawo shi, wa ya ƙi, wace waƙar aiki ko ta biki ce aka juya ta zama wannan da muke rerawa. A ɗauki amsoshin a waya, a rubuta su a littafin ikkilisiya da kwanan wata. Matan da suka ga abin da idonsu sun tsufa ƙwarai, kuma a yawancin ikkilisiyoyinmu ba a taɓa tambayarsu ba.